Matakalar da na yi mako uku ina gudu

Talata, ƙarfe 11 na dare

Saura kwana huɗu mu kafe zanenmu a bango gaban malamai. Mako shida aka ba mu mu tsara ɗakin karatu na unguwa, bene mai hawa ɗaya, amma sai yau na zauna da matakala.

Abin da ya ruɗe ni shi ne kullum ina cikin aiki. Sau biyu na je tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, na tsaya ƙarƙashin bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a shekarun 1830, ina kwafar lanƙwasarsa don zauren shiga. Na kwana biyu a SketchUp, manhajar zana gini a kwamfuta, ina zaɓen launin makuba. Duk wanda ya leƙo kwamfutata sai ya yaba, ni kuwa na san akwai wurin da ba na son dubawa.

Da hantsi Malam ya zagayo situdiyo. Bai ko kalli hotunan ba, ya ce, "Ina sekshan?" Wato zanen da ke tsaga ginin daga rufi zuwa tushe. Na ce, "Malam, ina kai." Ya ɗauki fensirina ya yi lissafin a gefen takarda: daga daɓen ƙasa zuwa na sama mita 3, tsayin kowane taki milimita 150, taki 20 ke nan. In an raba biyu, ga faɗin taki milimita 300 sau tara a kowane ɓangare (na goman ya faɗa kan wurin juyawa), ga wurin juyawa mita 1.2, tsawon zai ci mita 3.9. Ni mita 3 na bari. Minti biyu ya yi ya gama. Raina ya ɓaci sosai, don tun mako na uku jikina ya ba ni wurin ya yi kaɗan.

Matsar da bango ɗaya ya taɓa banɗaki, ya taɓa tagogi biyu na gabas. Bayan la'asar aka ɗauke wuta, na koma kan takarda da abin awo, kuma a nan ne aikin ya fi sauri.

Samfurin kwali ban fara yanka shi ba, ga layin masu buga zane a babbar takarda ta A1 ranar Juma'a. Na ba abokin ɗakina wayata ya riƙe har asuba. Matakalar ta zauna yanzu. Bangon banɗakin nake gogewa.