Daga Kano zuwa Daura a Marsandin Baba

Ƙarfe tara muka bar Kano ni da Kawu, za mu ɗaurin aure Daura a cikin Marsandin da Baba ya bari, 230E ƙirar 1983. Tafiya sumul har Kazaure. Nan muka tsaya na minti ashirin, Kawu ya sayi goro. Da muka dawo na murɗa makulli, inji yana juyawa amma ya ƙi kamawa. Batir lafiya, mai rabin tanki.

Yara suka tura mu zuwa wani gareji a gindin darbejiya. Saurayin da ya ɗaga bonet ya leƙa, ya ce, "Alhaji, ai irin wannan na'urar mai cire ta ake yi a sa kafireto, a huta." Kawu har ya fara tambayar kuɗi. Ni kam raina bai so ba. Yawancin Marsandin da na ga an yi wa haka, shan mai suka koma yi kamar rijiya.

Motar ba ta da kafireto, ba ta da kwamfuta. Tsarin Bosch ne da ake kira K-Jetronic, wanda ya fito a 1973. Iskar da inji ke zuƙa tana danna wani faifai, faifan ya motsa marabar mai, ita kuma ta raba fetur zuwa nozul huɗu masu fesa shi cikin inji. Komai ya dogara da ƙarfin turin mai, wajen bar biyar a ma'aunin matsi.

Sai ga maigidan saurayin, dattijo mai furfura, da buta a hannu. Tambaya ɗaya ya yi: "Ɗana, da safe tana tashi?"

"Bugu ɗaya, Baba."

"Sai ta yi zafi take gardama?"

Ya sassauta bututun da ke shiga marabar. Maimakon mai ya yi tsartuwa, ɗigo biyu kawai ya zubo. Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin motar ta baya, kusa da tanki. Can gefen famfon mai akwai wani ɗan gwangwani mai sifirin da roba a ciki, aikinsa riƙe ƙarfin mai bayan an kashe inji. Robar ta fashe. Ƙarfi na sauka, zafin inji sai ya tafasa fetur ɗin da ke bututu, ya zama tururi, nozul kuwa ba ya buɗewa da tururi.

Ya cire rile mai ba famfo wuta, ya haɗa waya famfo ya yi ta gurnani, sannan ya danna faifan nan da yatsa a hankali. Nozul suka yi wani siririn kuka kamar sauro. Na murɗa, ta kama.

"Kada ka kashe ta sai ka isa," in ji shi. "Gwangwanin kuma ka nema a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano."

Mun shiga Daura ana watsewa daga ɗaurin auren. Kawu ya sauka yana mita, ni kuma na nemi gangara kusa da hanyar Kusugu na ajiye ta, hanci na kallon ƙasa.