Ranar da Na Kai wa Gwaggo Cokulan Awo

Asabar, da dare.

Har yanzu hannuna ƙamshin banda yake yi. Na wanke da sabulu sau biyu bai fita ba, ni ma ban matsa masa ya fita ba. Yara sun yi barci, an ɗauke wuta tun bayan Isha'i, ga ni zaune da fitilar caji ina so in rubuta yinin yau kafin ya tsere mini.

Abin da ya tashe ni daga Birnin Kebbi da sassafe tsohuwar magana ce. Tun da na fara saka girke-girkena a Facebook, tambaya ɗaya ce ba ta taɓa canjawa ba: "Anti, cokali nawa?" Na saka dambun zogalen da na koyo a Kamba, wanda Zabarmawa ke ce wa kopto, aka ce cokali nawa. Na saka hocen da na ci a Gusau, cokali nawa. Hatta shinkafar bukhari da na ɗanɗana a Makka lokacin Umara na dawo ina ta kwaikwayo, ita ma ba ta tsira ba. Makonni uku da suka wuce na saka miyar sure, wato yakuwa a bakin mutanen Kano, na rubuta "ki zuba ruwan kanwa kaɗan". Wata baiwar Allah ta turo mini hoton tukunyarta, miya ta yi baƙi ƙirin, ta ce maigidanta loma ɗaya ya yi ya wanke hannu. Ban ji daɗi ba ko kaɗan. Ashe kaɗan ɗina ba shi ne kaɗan ɗinta ba.

Shi ne na ce bari in koma inda na fara cin miyar da ta amsa sunanta, gidan Gwaggon maigida a Argungu, in auna komai da idona. Na ɗauki cokulan awon nan da na sayo a Kaduna, masu zobe ɗaya, da kofunan awo, da littafi, da ƙafar ɗora waya. Baban yara ya dube ni ina cusa su a jaka, ya ce, "Gwaggo za ki kai wa waɗannan?" Na ce e. Ya ce Allah ya ba da sa'a, yana dariyar da ban so ba.

Sanyi ake yi sosai, hazo ya rufe gari. Mun wuce Ambursa rana ba ta gama fitowa ba. Ni dai in ina mota ba na barci, taga nake nema. Fadama ta fara yin kore da dashen shinkafar rani, injinan ban ruwa sai tatata suke yi, samari sun naɗe ƙafar wando suna cikin laka a wannan sanyin. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma bashi a nan Birnin Kebbi a 2015, aka zo aka yi shinkafar Lake Rice ta haɗin gwiwa da Legas a 2016, kowa a ƙasar nan ya san Kebbi da shinkafa. Mu kuwa tun muna yara iyayenmu mata ke turara shanshera suna shanya gumi a tsakar gida. Wani dattijo a motar ya yi ta kukan tsadar man injin da taki har muka iso, babu wanda ya musa masa.

Na sami Gwaggo a kan tabarma tana jin hantsi. Na durƙusa muka gaisa, ta tambayi ɗanta, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta yi mini faɗan rashin zuwa tun Sallah. Sai da na sha kunu kafin ta bari na faɗi abin da ya kawo ni. Na zazzage jakata a gabanta. Ta ɗauki cokulan ta kaɗa su, suka yi ƙara kamar makullai.

"Wanga hwa mi na na?"

Na ce na awo ne, Gwaggo, so nake duk abin da za ki zuba a tukunya in auna shi tukuna.

Ta dube ni, ta dubi surukarta da ke wanke-wanke, ta ce, "Ɗiyata, wagga miya ta, ba maganin asibiti na ba." Gidan duka aka kwashe da dariya, har da ni. Amma ta yarda, da sharaɗin ni zan yi dakan gyaɗa.

Kasuwa muka fara zuwa, ita a gaba da sandarta, ni a baya da kwando. A rumfar masu kifi na fi koyon abu yau. Ga ƙarfasa sabuwar kamu tana sheƙi, ga kurungu, ga wani giwan ruwa da aka datsa gunduwa-gunduwa, idona ya tsaya a kansa. Gwaggo ko kallonsa ba ta yi ba. A wurinta giwan ruwa kifin nuna wa baƙi ne, miya kuwa ta tarwaɗa ce. Ta tsuguna gaban kwandon banda, irin wadda ake lanƙwasawa a soke wutsiya da kai da tsinke ta zama zobe. Ta ɗauki ɗaya ta shinshina. Ta ƙwanƙwasa ta a tafin hannu ta ga ko gari zai zubo, domin in ya zubo ƙwari sun riga ka ci. Ta ɓalli gefe ta duba ciki: mai kyau naman yana da ja-ja, a bushe yake amma bai ƙone ba. Wadda aka yi wa wuta mai ƙarfi waje ne ke yin baƙi, ciki ɗanye, kwana biyu ta fara wari. Kwando guda ta wuce ba ta taɓa ba, ga shi kifin manya. Da muka yi gaba na tambaye ta dalili, ta yi ƙasa da murya ta ce, "In ƙudaje sunka ƙi shi, ke ma ƙi shi." Wato tana zargin an fesa masa maganin ƙwari. Wannan na rubuta shi nan take a tsaye, mai kura yana mini ihu in ba shi hanya.

Muka sayi sure ɗauri uku, albasa 'yar Aliero, tarugu, tattasai, daddawa. Cinikin Gwaggo abin kallo ne, ba ta ɗaga murya, tashi kawai take yi kamar za ta tafi.

Da muka dawo na kafa waya a kan ƙafarta, aka hura icce. Bandar aka fara jiƙawa a ruwan zafi da gishiri, aka wanke sau biyu saboda yashi da toka, aka ɓare aka cire ƙaya da kai. Kan ba a yar ba, shi aka fara jefawa a ruwan miya don ya ba da ɗanɗano, daga baya a tsame. Har nan awo yana tafiya daidai. Man gyaɗa: na tare ludayinta na juye a kofi, rabin kofi saura kaɗan. Albasa biyu manya. Tarugu huɗu, tattasai uku, an jajjaga a turmi. Gyaɗar da na daka har kafaɗata ta yi tsami, kofi ɗaya da rabi. Ina ta rubutu ina jin kaina wata malama.

Daddawa ce ta fara ba ni matsala. Kala biyu ta sa: ta kalwa, da ɗan gutsuren daddawar batso, wadda ake yi da 'ya'yan suren kansa. Ta kalwar ta ce ta bana ce, ba ta yi ƙarfi ba, don haka ta ƙara. Da ta bara ce da rabin haka ya isa. Na tsaya da biro a hannu. To me zan rubuta?

Sai aka zo kan kanwa, abin da ya kawo ni. Tun da safe ta jiƙa kanwa ungurnu a ƙoƙo, ruwan ya kwanta. Na matso da cokalina mafi girma na ce bismillah Gwaggo, zuba nan. Ba ta ko kula ni ba. Ta zari ganyen sure ɗaya daga cikin wanda aka yanka ta miƙo mini.

"Tamna ki ji."

Na tauna. Haƙorana suka mutu.

"Mi kij ji?"

Na ce tsami, Gwaggo, sosai.

"Awo, shina da yami. To shi ka hwaɗa miki kanwad da za ki sa, ba cokali ba."

Bayaninta a taƙaice shi ne, sure ba ɗaya ba ne. Na damina mai ruwa ne, tsaminsa da sauƙi. Na lambun rani da ya manyanta kamar wannan, tsaminsa ya ninka. Busasshe kuma daban. Ita ma kanwar ba ƙarfi ɗaya gare ta ba, jar kanwa da ungurnu ba su zama ɗaya a tukunya, kuma wadda ta kwana a ruwa ta fi wadda aka jiƙa yanzu kaifi. Ga gyaɗa ita ma tana kashe tsami, in kin sa da yawa kanwarki ta ragu. Abu huɗu ke motsi a lokaci guda, ni kuma na zo da cokali in ɗaure su wuri ɗaya.

Ga yadda ta yi. Ta zuba suren a kan miyar da ke tafasa, ta bari ya yi laushi, launinsa ya juya. Ta ɗiga ruwan kanwa kaɗan a gefen tukunya, kumfa ta taso fuu, ta juya, ta jira ta kwanta. Ta ɗiga miya a tafin hannu ta lasa. Ta ƙara ɗigawa, kumfar ta biyu ba ta kai ta farko ba. Ta lasa. A karo na uku kumfar da ƙyar ta motsa, sai ta ture ƙoƙon gefe. Ta ce in kumfa ta daina tashi kina ci gaba da zubawa, miya za ta yi baƙi, ta yi santsi, ta yi ɗaci, kuma cikin mutanen gida zai ba da labari da dare. Nan take hoton tukunyar baiwar Allahn nan ya faɗo mini. Kuma ba a kashe tsamin duka, ana barin kaɗan ya riƙa taɓa gefen harshe, in ba haka ba don me aka sayi sure? Kifin a ƙarshe ya shiga, aka janye icce aka bar shi a kan garwashi, ba a ƙara juyawa da ƙarfi ba don kada ya dagargaje.

Duk wannan, wayata ta mutu tun wajen zuba gyaɗa, ban lura ba. Sanyi da bidiyo sun cinye cajin. Da na gani sai da na ji kamar in yi kuka. Wurin da ya fi ko'ina muhimmanci, babu ko hoto ɗaya.

Tuwon shinkafa surukarta ta tuƙa, da ɗanyar shinkafa 'yar gida, ta kwashe da mara malmala-malmala. Aka ɗiga man shanu a kan miya. Ba zan tsaya yabo ba, abin da zan ce kawai malmala biyu na tashi da ita, ni da nake cewa ina rage tuwo.

Bayan Azahar jikan Gwaggo ya ɗauke ni a babur muka leƙa kogin Matan Fada, don ba na zuwa gari in koma ban ga ruwansa ba. Shiru wurin yake, ba ka ce nan ne dubban masunta ke rugawa da gora da homa in an ba da alama ba. Bikin kamun kifin ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu bayan doguwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato, kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Na zo na 2020, wanda aka yi bayan an daɗe ba a yi ba, cunkoso bai bar ni na ga komai ba sai ƙeyar mutane. Yau na fi ganin kogin. Mun wuce ta ƙofar gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da aka mayar gidan tarihi a 1958, ban shiga ba, La'asar ta kawo jiki kuma ba na son tafiyar dare.

Gwaggo ta ɗaure mini banda biyar da ƙullin daddawar batso. Na ba ta ɗan abin goro ta ƙi karɓa sai da na sa a ƙarƙashin tabarma.

Yanzu na buɗe littafin. Shafin farko tsaf yake, lambobi a jere. Shafi na biyu, gaban kalmar "kanwa", babu komai. Na daɗe ina kallonsa. Akwai wata 'yar Jega da ke aure a Ingila, kullum tana bin girkina, ita ce ta gaya mini a shagon Indiyawa take samun sure, suna ce masa gongura, kuma da bekin soda take maye kanwa. Wane cokali zan rubuta da zai yi mata daidai, ya yi wa ta Kano daidai, ya yi wa ta Yauri daidai? Abin da na rubuta a ƙarshe ga shi: ki tauna ganye ɗaya kafin ki fara. Ki ɗiga kanwa, kada ki zuba. Ki kalli kumfa, ki lasa, ki tsaya tun da sauran tsami. Na san gobe wata za ta ce, "To Anti, ɗigon cokali nawa ne?" Zan ce mata ta fara da rabin ƙaramin cokali, don kada in kore ta, sauran kuma sai na sake dafawa ranar Talata na ɗauki kumfar a bidiyo, da waya cike da caji.

Ina cikin rubutun nan jikan Gwaggo ya kira a wayar Baban yara. Wai na manta cokulana a kan tabarma. Na ce a ajiye mini sai na zo. Na jiyo muryarta daga nesa tana cewa a gaya mini manyan suna nan, amma ƙaramin ta riƙe, ya yi daidai da ba jinjirin gidan maganin tari.