Kaset ɗin Kaka na Babbar Sallar 1997

Sallar layyan da ta wuce na je gida Argungu kamar yadda na saba, amma wannan karon na dawo da wani abu da har yanzu in na tuna sai naji ƙirjina yayi nauyi. Baffanmu ne, ƙanin Baba, yana kwashe tarkacen wata tsohuwar akwatin ƙarfe da ya dawo da ita daga Jidda shekaru da yawa, sai ga kaset guda ɗaya a ƙasan kaya naɗe cikin leda, an rubuta a jikinsa da biro "Sallah 97". Yace min ke zo ki gani, muryar kishiyarki ce a ciki. Wallahi sai da na nemi wuri na zauna.

Yaran yanzu ba zasu gane ba, dan haka bari in ɗan yi bayani. Kafin wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, in kana da ɗan uwa a nesa kuma tsohuwarku bata karatu bata rubutu, to kaset ake ɗauka. A sayo sabo mai minti 60, a sa batir a rikoda, a shimfiɗa tabarma, kowa yazo yayi gaisuwarsa ɗaya bayan ɗaya, sai a bawa wani mai tafiya ya kai. Baffa a lokacin yana Jidda, shi yasa ranar Sallah da yamma aka tara mu aka ɗaukar masa. Ina da shekara tara. Abin da na riƙe na ranar kawai zafi ne, dan Sallar ta faɗo a watan Afrilu, tsakiyar bazara, irin zafin Kabi da ko ruwan randa sai kaji shi da ɗumi.

Samun rikodar da zata kunna shi ma aiki ne. Duk gidan babu, maƙwabta babu, sai wajen wani mai gyaran rediyo a kasuwa muka samu wata tsohuwa, shi ya fara sa biro a ramin kaset ɗin yana juyawa a hankali dan zaren ya ɗan manne, yace in aka yi gaggawa tsinkewa zai yi. Na biya shi ya bamu aro na kwana ɗaya. Da daddare bayan isha'i muka zauna a tsakar gida, ƙaurin nama bai gama fita ba, na ajiye wayata kusa da sifika na danna ɗaukar murya sannan Baffa ya kunna.

Da farko shuuu kawai kake ji, sai kukan akuya, sai wani yaro yana kuka can nesa (har yau ana gardama ko wanene, kowa yace ba shi bane). Sai ga muryarta. "Shina ɗauka? To. Assalamu alaikum, ina gajiya, ina baƙunta. Muna nan lahiya lau." Gwaggo ta sa gefen zaninta ta rufe baki. Shekara goma sha biyu kenan da rasuwar Kaka, Allah ya jiƙanta ya sa Aljanna ce makoma, kuma ni a raina ina ganin ban manta muryarta ba, ashe na manta. Na manta yadda take jan ƙarshen magana, na manta wannan ƴar dariyar da take yi ta hanci kafin ta faɗi abin da zai ba mutane dariya.

Abin da ya fi taɓa ni shine wajen da take bada labarin layya. Tace "wanga yaro ya yanka rago biyu bana, Allah shi yi mai albarka." Wanga yaro fa Babanmu take nufi, mutum mai mata da ƴaƴa biyar a lokacin. Shine ɗan farinta, kuma tunda ta haife shi har ta koma ga Allah bata taɓa kama sunansa ba saboda kunyar ɗan fari, ko kallonsa ido da ido bata cika yi ba a gaban mutane. Sunan Baffa kuwa ta kira shi ya fi sau goma a kaset ɗin dan shi auta ne. Na juya na kalli Baba, yana zaune kan kujerar roba da carbi a hannu, kansa a ƙasa, bai ce komai ba har aka juya kaset ɗin zuwa ɗaya gefen.

Ni ma ina ciki. Tace "ga kishiyata nan ta hana ni sakat, ta cinye hanta ta ƙare, ka aiko mata da ɗankunne ko ta bar min mijina." Sai kaji wata ƴar siririyar murya tace Baffa ina wuni, barka da Sallah, ka kawo min dabino. Ƴata ta biyu da ke kwance a cinyata ta ɗago tace Mama waye wannan, nace ni ce, ta ƙi yarda sam.

A zamanin Kaka Sallah a gidanmu tana da tsari wanda ba a rubuta ba amma kowa ya sani. Maza su dawo daga Idi a yanka, a feɗe, kayan ciki su zo wajen mata a wanke a ɗora tun ranar, ragunan kuma a buɗe su a soke da itace a jera kewaye da wuta har dare, samari na juyawa suna gyara garwashi. Washegari ita ke zama kan kujerar tsugunne da faranti faranti a gabanta tana kasafi. Wannan na gidan liman, wannan na wance da mijinta ya rasu, wannan cinyar ta surukai ce kar wanda ya taɓa, wannan a kai ma masuntan nan da ke kawo mana kifi in ruwa ya ja. Mu yara mu ke kaiwa, da sabbin kaya da lalle a hannu, a bamu goron Sallah mu dawo muna ƙirga sulalla. Sai an gama rabon mutane kaf sannan a fara suya da dambun nama na gida, ga tuwon shinkafa da ba a rasa shi a gidan Bakabe. A kaset ɗin ma sai da ta lissafo gidaje bakwai da za a kai ma nama, na ƙirga, a cikin bakwai ɗin nan biyu kawai na sani yanzu. Sauran sai da Gwaggo ta min bayani, ashe ɗaya daga ciki dangin kakanmu ne na wajen uwa da zumuncin ya yanke tun rasuwarta, ba faɗa ba komai, kawai wanda ya san hanyar gidan ne babu.

Wannan ne yake damuna gaskiya. Muna da wayoyi cike da hotuna, ranar Sallah kowa na ɗauka, a sa a WhatsApp a sa a Facebook, kwalliya da gyale da shadda, amma wa ya taɓa zama ya ɗauki muryar tsohuwarsa tana faɗin su waye danginta? Hotunan ma ba tabbas garesu ba. Wayata ta farko ta faɗa ruwa da hotunan sunan ɗana na fari duka, memori bai tashi ba. Albam ɗin gidanmu kuma ambaliyar 2020 ce ta ci shi, shekarar da ruwa ya shanye gonakin shinkafa a fadamun Kebbi ya shiga gidaje, ɗakin da akwatin Mama yake ya faɗi, da aka ciro hotunan duk sun manne da juna kala ta zube, hoton Kaka ɗaya tal da muke da shi na ranar da ta dawo Hajji ya tafi a ciki. Da wannan kaset ɗin a ɗakin yake da shi ma ya tafi.

Garinmu garin tarihi ne, kowa ya san bikin kamun kifi da aka fara tun 1934, baƙi na zuwa bakin Matan Fada daga ko'ina, ga gidan tarihin Kanta da makamai da kayan sarakunan Kabi a ajiye, kuma ina alfahari da wannan sosai. Amma babu wani gidan tarihi da zai ajiye mana yadda Kaka ke kasa nama ko waƙar da take yi in tana daka, wannan in mu ƴan gida bamu riƙe ba shikenan.

Wani abu da ƙanina ya lissafa mana a daren, tunda shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da wajen kwana 11, Sallah tana zagaye damina da hunturu da bazara ta dawo inda ta taso cikin shekara 33 ko kusa da haka. Kenan wajen 2030 Babbar Sallah zata sake faɗowa a Afrilu, cikin zafi irin na ranar da aka ɗauki kaset ɗin. Gwaggo tace Allah ya kaimu da rai da lafiya, muka ce amin, amma kowa yayi shiru dan duk mun san cikin waɗanda suka yi magana a kaset ɗin mutum shida basa duniya.

Washegari da hantsi na ɗauki wayata na shiga ɗakin Gwaggo, ita ce babba a mata yanzu. Nace Gwaggo so nake ki faɗa min dangin Kaka tun daga kan iyayenta, da garin da suka taso, da waƙar dakan nan. Da farko ƙi tayi, tace ke dai da neman magana, mi za ki yi da zancen tsohi. Na lallaɓa ta da goro. Da ta fara kuwa sai da muka yi awa ɗaya da minti ashirin, har Mama ta shigo tana gyara mata wasu sunaye suna gardama, duk na bari ya shiga. Na tura ma ƙannena uku kowa ya ajiye a wajensa, na kuma sa a kwamfutar mijina, na Kaka ma haka.

Ranar da zan koma Birnin Kebbi, na shiga yi ma Baba sallama sai ya miƙo min ƙaramar wayarsa mai maɓalli ba tare da ya kalle ni ba, yace ki sa min wannan abin na tsohuwa a ciki. Na sa masa a memori na nuna masa inda zai danna sau biyu har ya gane. Mama ta faɗa min a waya cewa kusan kullum bayan sallar asuba sai ya kunna, kuma in aka zo wajen "wanga yaro" sai ya maido baya ya sake ji.