Sanyin Gidan Makama

Ka shiga Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi a Kano, da tsakar rana a watan Afrilu. Waje rana na dukan ƙeya, ciki kuwa sanyi ƙalau, kuma ba sanyin na'ura ba ne. Kaurin bangon ƙasa da rufin azara ne ke wannan aiki, a ginin da asalinsa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa.

Manyan gidajen adana zane na Turai sun daɗe suna shan wutar lantarki dare da rana don riƙe ɗakunansu a wajen digiri 21. A 2015 ƙungiyar shugabanninsu, Bizot, ta sassauta: digiri 16 zuwa 25 ya isa yawancin kaya.

Ni dai damina ce ke damuna. Ginin ƙasa sai da yaɓe kafin ruwa ya sauka, ga maginan gargajiya sai raguwa suke, yara duk sun koma bulo da siminti.