Laraba, da fi'ilin da ya hana ni sakat

An kawo wuta tun asuba, har Auta ta samu ta goge kayan makaranta. Kunun gyaɗa da ƙosai. Safiya mai daɗi dai.

Da hantsi Baba ya iske ni a zaure ina shirya darasin Lahadi, sura ta 15 ta 1 Sama'ila. Ya leƙa, ya ce, "Wannan surar ba na son a ba yara." Na ce, "Me ya sa, Baba?" Ya ce, "A aya ta 11 Ubangiji ya yi da-na-sanin naɗa Saul. A ta 29 Sama'ila ya ce Allah ba mutum ba ne da zai sake shawara. A ta 35 kuma a koma maganar farko. Wacce za ka faɗa musu?"

Na jawo Littafi Mai Tsarki na Ibrananci. Duk wuraren uku fi'ili ɗaya ne, mai saiwar baƙaƙe uku, nun, het, mem, kuma duk a siga ɗaya, nifal. Ibrananci ɗan'uwan Larabci ne a nan, saiwa guda takan shiga siga daban-daban, ma'ana ta riƙa sauyawa. A sigar pi'el, kai ne kake ta'azantar da wani, irin na Ishaya 40:1, nahamu nahamu ammi, ku ta'azantar da jama'ata. A nifal kuwa abin a kan mai shi yake komawa, cikin zuciyarsa yake aukuwa.

Sai na buɗe masa abin da ya fi kama ni. A Farawa 6:6, kafin ruwan tufana, an ce wayyinnahem Ubangiji don ya yi mutum. A Farawa 24:67, da Ishaku ya auri Rifkatu, an ce wayyinnahem Ishaku bayan rasuwar uwarsa Saratu. Ko baƙi ɗaya bai bambanta ba. Can mu ce baƙin ciki, nan mu ce samun sanyin zuciya.

Baba ya jima bai tanka ba, sannan ya ce, "To Ishaku wane kuskure ya yi da Saratu ta mutu?" Wannan tambaya tasa ta fi duk bayanina. Fi'ilin bai tsaya ga nadamar mai laifi ba, zuciyar da abu ya taɓa har ta motsa yake nunawa. Ni a ganina aya ta 29 tana cewa magiyar Saul ba za ta warware hukunci ba, sauran biyun kuma suna cewa hukuncin da zafi aka yanke shi. Shi kansa Sama'ila ai kwana ya yi yana kuka ga Ubangiji. Baba bai gamsu duka ba, ya ce a dai yi hankali da yara.

Da la'asar muka shiga gaisuwa gidan maƙwabta. Yaronsu da ya rasu ko sakandare bai gama ba. Kowa ya durƙusa sai ya ce, "Sai haƙuri, Mama." Ita ko kai ba ta ɗaga ba. Irmiya 31:15 ta faɗo mini, Rahila a Rama tana makokin 'ya'yanta, me'ana lehinnahem, ta ƙi ta'azantuwa. Nifal ɗin nan ne dai. Mu masu gaisuwa namu muke yi, amma ta'azantuwar zuci ba mai iya yi mata ita, annabin ma bai ga laifin Rahila ba. Na kasa cewa komai, hannun maigidan kawai na riƙe.

Tuwo bai shiga ba. Jana'iza jibi ne, Inna ta ce in sammaka gobe in taya su kafa rumfa.