Ƙuri'a 429: Yini Guda a Manchester

Na bar Landan da sassafe daga tashar Euston, bayan tafiyar awa biyu da 'yan mintuna jirgin ƙasa ya sauke ni a tashar Piccadilly ta Manchester ana yayyafi. Abin da ya kai ni Manchester shi ne zaɓen cike gurbin da aka yi a mazaɓar arewa maso yammacin birnin ranar 24 ga Afrilu, 1908, wanda na daɗe ina son ganin inda aka fafata shi.

A wancan zamani dokar Ingila ta tilasta wa ɗan majalisar da aka naɗa babban minista ya koma gaban jama'arsa ya sake neman ƙuri'a. Da Asquith ya zama firaminista ya damƙa wa Winston Churchill ma'aikatar ciniki, dole Churchill ya dawo nan, inda William Joynson-Hicks na jam'iyyar Conservative ya kayar da shi da ƙuri'a 5,417, shi kuwa ya tashi da 4,988, tazarar ƙuri'a 429 ke nan. Wannan doka, wadda aka soke a 1926, ta burge ni ƙwarai, domin ta hana mai muƙami mantawa da waɗanda suka tura shi.

Na fara da Royal Exchange, tsohuwar kasuwar auduga da ta koma gidan wasan kwaikwayo. Can sama jikin bango har yanzu akwai allon da ke ɗauke da farashin ranar da aka rufe ciniki a 1968, na daɗe ina kallonsa har wuyana ya ƙage. Fatake irin na wannan zaure, masu ƙin a ɗora haraji kan kayan waje, suna cikin waɗanda suka ba Churchill kujerar a 1906, shekarar da Turawa suka ƙone ƙauyen Satiru na kusa da Sakkwato, Churchill yana ƙaramin ministan ƙasashen mulkin mallaka.

Inda jikina ya yi sanyi shi ne gida mai lamba 62 a titin Nelson, gidan Emmeline Pankhurst. Falon ƙarami ne, mutum goma ma sai sun matsu, amma a cikinsa aka kafa ƙungiyar mata masu neman 'yancin zaɓe a 1903. Ba su da ƙuri'a ko ɗaya a zaɓen 1908, duk da haka suka bi unguwa-unguwa suna roƙon maza su juya wa ɗan takarar gwamnati baya.

Churchill ya nufi Dundee ta Sikotilan ya ci kujera a watan Mayu. Ni kuwa na fito daga falon ruwa ya ɗauke, na taka da ƙafa zuwa tasha.