Kyandir, kwaɓin gishiri da katin gaisuwa: aikin hannu a tsakiyar sanyi

Duk hutun ƙarshen shekara nakan haɗa 'yan kyaututtuka da hannuna in raba wa dangi da abokan arziki: kyandir a kwalba, kayan ratayawa na kwaɓin gishiri, katin gaisuwa da nake bugawa da hatimin da na sassaƙa, wani lokaci har da fitilar takarda. Babu mai wuyar koyo a cikinsu. Abin da ke ɓata su kusan kullum ɗaya ne, sanyi. Kaki da gam da fenti da kwaɓi duk sai sun daskare ko sun bushe kafin a ce an gama, kuma ɗaki mai sanyi yana sauya yadda kowannensu ke yin hakan. Shi ya sa a teburina ma'aunin zafi da sikeli suka fi almakashi daraja.

Da kyandir nake farawa, domin shi ya fi cin kwanaki. Kakin waken suya nake zubawa a kwalba, saboda ba ya bukatar zafi mai yawa kafin ya narke, kuma ruwan zafi da sabulu sun isa wanke kayan aikinsa. Don sanin yawan kakin, sai in cika kwalbar da ruwa zuwa inda nake so ya tsaya, in auna ruwan, in ninka da 0.9, tunda kaki bai kai ruwa nauyi ba. Kwalbar da ta ci mililita 200 za ta ci kusan giram 180 ke nan. Turare kuwa kashi 6 zuwa 8 cikin 100 na nauyin kakin, wato giram 11 zuwa 14 a wannan kwalbar. Dole ya zama man ƙamshin da aka yi don kyandir. Turaren fesawa na jiki ba ya haɗuwa da kaki, ga shi kuma da saurin kama wuta. In man ya yi yawa, kakin ba zai iya riƙe shi ba, sai a wayi gari ya tsatso a sama ɗigo-ɗigo.

Ba a ɗora kaki kai tsaye a kan wuta. Ina zuba shi a jug na ƙarfe, in tsoma jug ɗin a tukunya mai ruwan zafi, in bar shi ya kai digiri 80 zuwa 85 a ma'aunin Salshiyas. Nan nake sauke shi, in zuba turaren, in juya a hankali na minti biyu, sannan in jira ya sauko wajen digiri 55 zuwa 60 kafin in zuba. Kowane kamfani yana rubuta nasa adadin a jikin leda, kuma nasu ya kamata a bi in ya saɓa da wannan.

A wajen zubawa ne sanyi ke nuna halinsa. Idan kwalbar ta kwana a wuri mai sanyi, kakin da ya taɓa gilashin nan take zai daskare, ya tsuke, ya saki jikin kwalbar a wasu wuraren, sai a ga tabo-tabo ta waje kamar ruwa ya shiga tsakani. Saman ma yakan yi fata tun ciki yana ruwa. Da cikin ya zo daskarewa sai ya ja baya ya bar kogo kusa da lagwani, wanda ba a gani sai ranar da aka kunna, harshen wutar ya faɗa ramin ya mutu ko ya tashi fiye da kima. Maganin duka biyun shi ne a rage wa kakin saurin hucewa. Nakan ɗumama kwalaben a obin a mafi ƙarancin zafinsa, wajen digiri 50, na 'yan mintoci. Ba na jera su a kan tayil ko dutse, sai a kan katako ko tawul, da tazarar santimita 5 a tsakaninsu, nesa da taga. Bayan na zuba sai in kifa babban kwali a kansu, in ƙyale su har washegari. Ɗakin da ke tsakanin digiri 20 da 22 shi ya fi dacewa. In duk da haka saman ya lotsa, ana tsokana gefen lagwanin da tsinke don buɗe kogon, a narkar da ɗan ragowar kakin a cike, ko a bi saman da na'urar busar da gashi har ya kwanta. Farin kurɓi-kurɓin da ke fitowa a jikin kakin waken suya, musamman mai launi, ƙanƙarar kakin ce kawai, ba ta hana shi ci. Ni dai na daina sa launi saboda ita, farinsa ma ya fi kyau a idona.

Lagwani da faɗin kwalba ake zaɓensa, tsawonta bai shigo ciki ba. Ana manna gindinsa a tsakiya, a maƙale samansa da abin maƙale shanya da aka gitta a bakin kwalbar. Kyandir ɗin waken suya yana son ya huta mako ɗaya zuwa biyu kafin ƙamshinsa ya zauna, don haka kwalba ɗaya ta gwaji nake fara yi tun kafin hutu. Ƙa'idar gwajin: narkakken kakin ya kai bangon kwalbar cikin kusan awa ɗaya ga kowane santimita 2.5 na faɗi. Kwalba mai faɗin santimita 7 ke nan wajen awa uku. In bai kai ba, lagwanin ya yi ƙanƙanta, zai haƙa rami a tsakiya ya bar kaki a gefe. In harshen ya yi tsawo, yana hayaƙi, kan lagwanin ya tara baƙin dunƙule, kwalbar ta yi zafin da ba ta taɓuwa, to ya yi girma. Ana datse shi zuwa milimita 5 kafin kowace kunnawa.

Abu biyu da ake yawan yi don ado, ni ban yarda da su ba. Ɗaya shi ne narkar da kalar yara ta kaki don ba da launi: garin launin da ke cikinta ba ya narkewa, toshe lagwani yake yi. Ɗayan kuma barbaɗa busasshen fure ko ɓawon lemo a saman kyandir. Da kakin ya narke sai su yi iyo zuwa wajen wutar su kama. Mai son wannan adon ya ɗaura shi a wuyan kwalbar ta waje, ƙasa da bakinta sosai. In kuma kaki ya kama wuta a tukunya, a kashe murhu a rufe da murfi. Ruwa fantsama shi zai yi. Ragowar kakin ma ba a zuba shi a magudanar wanke-wanke.

Kwaɓin gishiri shi ne aikin da yara suka fi jin daɗin sa hannu. Kofi biyu na fulawa, kofi ɗaya na gishiri mai laushi, ruwa kashi uku cikin huɗu na kofi, a riƙa ƙarawa cokali-cokali in ya ƙi haɗuwa. Fulawar ta zama zalla, wadda ba a sa mata abin kumburi ba. Gishiri mai tsakuwa yana sa fuskar aikin ta yi kaushi kuma ta tsage, gara a niƙa shi tukuna. Ina murza kwaɓin minti takwas zuwa goma har ya daina manne wa hannu, in rufe shi ya huta minti 20. Wajen shimfiɗawa nakan ajiye sanduna biyu masu kaurin milimita 5 a dama da hagu, abin murzawar ya hau kansu, ta haka ko'ina zai zo kauri ɗaya. Wannan ƙaramar dabara ita ke raba aikin da ya bushe a miƙe da wanda ya lanƙwashe. Sai a yanka taurari ko wata ko tsuntsu, a danna ganye ko guntun leshi a kai in ana son zane, a huda wurin zare da bututun shan lemo, aƙalla santimita ɗaya daga baki. Wanda za a danna tafin hannun yaro a kai yana bukatar kaurin santimita ɗaya, don haka bushewarsa ta fi daɗewa nesa ba kusa ba.

Busarwa ake yi, ba gashi ba. A obin, digiri 90 zuwa 100, awa biyu zuwa uku, a juya su a tsakiyar lokacin. In zafi ya wuce haka, waje zai ƙame ya rufe, tururin ciki ya rasa mafita, sai abin ya kumbura ya yi ƙulli a tsakiya. In ba a juya ba, sama ya riga ƙasa bushewa, gefuna su ɗago. Yadda nake gane ya yi: in juya bayansa, babu wani wuri mai duhun danshi a tsakiya, in ƙwanƙwasa da farce in ji ƙara mai kaifi. Ana iya barinsa ya sha iska ba tare da obin ba, amma a ɗaki mai sanyi da laima yakan kai mako, wani lokaci fumfuna ta riga shi. Ɗora shi a kan hita kuma tsaga shi yake yi.

Bayan ya huce sai a goge gefuna da samfefa mai laushi, a shafa farin fenti na akirilik a matsayin shimfiɗa, sannan launi. Akirilik da farin gam halinsu ɗaya: in zafin wurin ya gaza digiri 10, ba sa ƙamewa yadda ya kamata, sai su bushe da farin gari-gari ko su tsattsage, kuma gam ɗin da ya taɓa yin ƙanƙara a kwalbarsa sau da yawa ya tashi aiki. Don haka fenti a cikin ɗaki ake yinsa, ba a gareji ko baranda ba. Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi tsallakewa, banish, wato man rufi mai sheƙi irin wanda ake shafa wa katako. Gishiri yana zuƙar danshi daga iska, abin da bai samu rufi ba zai yi laushi kafin shekara ta zagayo. Shafi biyu ko uku, gaba da baya da gefe, har cikin hudar zaren da ƙaramin buroshi. Amma in aka rufe shi da sauran danshi a ciki, fentin zai yi ƙuraje ya ɓare. A kuma rataye su inda kare da yaro mai rarrafe ba za su kai ba, yawan gishirin yana iya cutar da su ƙwarai.

Katin gaisuwa tsohuwar al'ada ce. Katin Kirsimeti na farko da aka buga don sayarwa a Ingila an yi shi ne a 1843, wani Bature mai suna Henry Cole ya sa aka zana masa. Nawa da kilinar goge fensir nake buga su. Ina yin zanen a takarda da fensir mai laushi, 2B ko sama, in kifa takardar a kan kilinar, in murza bayanta da farce. Zanen zai hau a juye, kuma haka ake so, domin hatimi juya abu yake yi. Wanda ya rubuta suna kai tsaye a kan kilinar zai ga ya fito ta baya. Wajen sassaƙa, bakin wuƙar ya karkata waje, nesa da layin, yadda gindin zanen zai fi samansa faɗi. In aka ci ta ƙarƙashinsa, siraran layuka za su gutsure tun ba a yi nisa da bugu ba. Tawada kaɗan ake so: a riƙa ɗan taɓa kushin tawadar a kan hatimin, a danna a takarda sau ɗaya a miƙe, a ɗaga ba tare da girgizawa ba.

Kwali mai nauyin giram 250 zuwa 300 a kowane murabba'in mita shi ke tsayawa a kan tebur. A4 guda ana raba shi biyu, kowane rabi a ninke, ya ba da kati mai milimita 105 da 148, daidai ambulan C6. Kafin ninkewa a ja layi da rula da bayan wuƙa, in ba haka ba bakin ninkin zai fashe. Tawadar ruwa tana bushewa cikin mintoci a kwali marar sheƙi. Ta mai kuwa kwanaki take ɗauka, sanyi ya ƙara mata, don haka a shanya katunan a igiya, kada a jibga su.

Fitilar takarda ba ta da wani dogon bayani. A hura balan-balan, a gauraya farin gam da ruwa daidai wa daida, a lulluɓe shi da takarda mai shara-shara shafi uku ko huɗu, a bar wajen ƙullin a buɗe. Sai dai iskar cikin balan-balan tana bin yanayi: in ya kwana a sanyi zai tsuke, takardar ta yamutse, in aka matsar da shi kusa da hita zai buɗe ya yaga ta. A rataye shi a tsakiyar ɗaki kwana ɗaya zuwa biyu, a fasa balan-balan ɗin bayan takardar ta ƙame. Ƙaramar fitilar batir kaɗai ake sawa a ciki.

Wajen rabawa, kowace kwalba nakan ɗaura mata 'yar takarda: a datse lagwani, kunnawar farko a bari kakin ya narke har bango, kada ya wuce awa huɗu yana ci, kada a bar shi ba kowa a ɗakin. Kyandir ɗin da ya sha sanyin hanya a bar shi ya kwana a ɗaki kafin a kunna, don gilashi mai sanyi yana iya tsagewa in zafi ya same shi farat ɗaya. Kayan kwaɓin gishiri kuwa sai banish ɗin ya yi kwana biyu ya daina danƙo nake naɗe su, ɗaya-ɗaya a takarda, cikin gwangwani mai murfi, tare da 'yar jakar tsotse danshi irin wadda ake samu a kwalin sabon takalmi.